Buhunan Littattafan Yaya Saratu

Shekara huɗu ke nan da aka kai Yaya Saratu makwancinta a Bungudu, amma sai a daminar bana na samu ƙarfin zuciyar zuwa in ga abin da ya rage na aikinta. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fi shekara ashirin tana kula da ɗakin karatu na wata makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Tsafe, inda ni ma na yi koyarwa.

Mutane da yawa sun ɗauka gadin littattafai kawai take yi. Amma duk littafin da ya shigo, sai ta zauna ta duba cikinsa ta gane a kan me yake magana, sannan ta ba shi lamba ta manna a gadon bayansa. A tsarin da take bi, an kasa ilimi gida goma. Addini yana ɗari biyu, kimiyya ɗari biyar, noma da kiwon lafiya ɗari shida, adabi ɗari takwas, tarihi ɗari tara. Saboda haka yarinyar da ta zo neman littafi a kan noman dawa, sai ta tarar da na gero da na takin zamani a gefensa, ta fita da abin da ba ta ma san tana bukata ba.

Ina tuna wani littafi a kan itatuwan magani da ya daɗe a teburinta ba lamba. Na ce, "Yaya, ki sa shi ko'ina mana, ai dai yana cikin ɗakin."

Ta ce, "Wadda za ta zo nemansa, ungozoma take son zama ko malamar gona? Shi nake tunani." Daga baya ta kai shi kantar kiwon lafiya.

Da satar mutane ta yi yawa a kan hanya, sai aka ba da umarnin kwashe ɗalibai zuwa wata makaranta a cikin Gusau. Mota ɗaya aka ware wa littattafai. A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama Yaya, ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Masu lodi suka zo da buhunan taki, suna shirin kwasa yadda ake kwasar masara. Ta sa aka aje mata kujera a bakin ƙofa, ta ce kowane buhu da layinsa, ita kuma tana rubuta lamba a jikin buhun. Direba yana ta ƙorafi, yana son ya wuce dajin da ke kan hanyar tun da sauran rana, kuma yana da gaskiya. Ta dinga ba shi haƙuri tana cewa, "Malam, ka yi mini uzuri. In suka gauraya, ba ni da sauran ƙarfin raba su."

Ta ɗauka ita za ta buɗe su. Kafin azumin shekarar ta rasu.

A Gusau ba a samu ɗakin da za a jera su ba, domin ɗalibai ma a cunkushe suke. Aka jibge buhunan a sito aka kulle. Sai bana Malama Rukayya, wadda tsohuwar ɗalibar Yaya ce kuma yanzu take riƙe da aikin, ta samu aka ba ta aji guda da 'yan kantoci. Ta kira ni a waya ta ce ba ta son ta kwance buhunan ita kaɗai.

Kwanon siton yana yoyo. Buhunan da ke ƙasa, na adabi da na tarihi, ruwa ya jiƙa su, gara ta gama da su. Da muka ɗaga ɗaya, gindinsa ya zube, abin da ke ciki ya zama ƙasa. Na zauna a kan wani benci na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar rasuwarta. Buhunan da ke sama kuwa lafiya lau suka fito, kowane littafi bayan ɗan'uwansa. Ba mu yi komai ba illa ɗauka da jerawa.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Makarantarta ciyawa ta rufe ƙofofinta. Wasu iyayen ba su sake mayar da 'ya'yansu karatu ba tun daga wannan tashin. Waɗanda suka rage sun fi duba waya, inda amsa ɗaya take fitowa ba maƙwabci a gefenta. Na san ranta zai ɓaci, amma Yaya ba mai dogon jawabi ba ce. Ina jin gam da almakashi za ta nema, ta fara gyaran waɗanda bangonsu ya ɓalle.

Da muka gama, kantoci biyu na ƙarshe suka tsaya wayam. Na ce wa Malama Rukayya mu baza littattafan su rufe wurin, ko ɗakin ya yi kyan gani. Ta ce, "A'a, Anti." Ta rubuta ɗari takwas da ɗari tara a takarda, ta manna a goshin kantocin. Wasu ɗalibai suka leƙo, ɗaya ta tambaya me ya sa nan ba komai. Malama ta ce, "Wurin tarihi ne. Ba mu da shi yanzu, amma in ya zo nan zai zauna."

Yaya ba ta haihu ba, ba ta gina gida ba, kuma wani kaso na abin da ta tara ya zama ƙasa. Abin da ya saura shi ne ɗaki guda a Gusau inda yarinya za ta nemi littafi ta same shi, da mace ɗaya da ta koyi aikin a hannunta har ta ƙi yarda a ɓoye asara. Ban san ko wannan ya kai ladan wahalarta ba. Allah Ya sani, kuma wurinSa nake roƙa mata rahama.