Fankar Malam Jibo

Hajo maƙwabciyata ce a Dayi, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙuli-ƙuli take yi tun tana amarya, a gaban wuta ta tsufa, kuma ban taɓa jin ta yi kukan zafi ba sai a 'yan shekarun nan, da bazara ta zama abin da ta zama. Wutar lantarki kuwa, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firij take ɗaukewa.

Da mijinta Malam Jibo ya kwanta ciwo, 'yarsu Raudatu ta aiko daga Funtuwa da farantin sola ɗaya da 'yar fanka, babu batir. Rana ta ɗaga, fanka ta tashi da kanta. Girgije ya gifta, ta yi sanyi kamar mai haki. Wuyanta ya ƙage, ba ta waiwaye, gadon Malam kawai take kallo.

Ana tsakiyar zafi ya rasu. Hajo ta shiga takaba, ba fita inuwar darbejiya inda mu mata muke shan iska. Fankar kuma ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa. Kullum da hantsi sai in ji ta ta katanga tana fifita gadon da ba kowa.

Na shiga na same ta a tabarma a bayan fankar, gumi har wuya, ƙafafu sun kumbura. Raina ya ɓaci.

"Hajo, kashe kanki za ki yi? Juyo ta wajenki mana."

"Tasa ce, Atu. Bai ce in ɗauka ba."

Na yi faɗa, Raudatu ta yi kuka a waya, duk a banza.

Wata Laraba da azahar na kai mata kunu, sai na tarar fankar na kallonta, gefen mayafinta na kaɗawa. Na ce alhamdulillahi, yau kin ji magana.

"Ban taɓa ta ba," in ji ta, tana murmushi. "Shi ya juyo min da ita."

Na kama wuyan fankar, yana nan a ƙage. Ƙura kuma ta zagaye gindinta, ba alamar an ja ta.

Hajo ba ta kai Juma'a ba.

Da aka zo rufe gidan, Raudatu ta ba ni fankar da farantin, wai ladan ɗawainiya. Bana zafin ya fi na bara, jikokina na ta naci in kunna musu ita. Tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, fuskarta a ƙasa.