Jirgin da Ya Jira Fitar Watan Suro

Mbah Kasiran, wato Kaka Kasiran a yaren garinsu, dama can ba mai sanyin hali ba ne, amma tun da aka rufe kamfanin sukarin garinsu faɗan nasa ya zama ciwo. Tun yana saurayi yake watsa tukar rake cikin wutar ƙaramin jirgin ƙasa mai tururin da ke jido rake daga gonaki, har ya zama direba, har furfura ta same shi a kan kujerar. Rana ɗaya wasu masu takalma masu sheƙi suka zo daga birni suka ce manyan motoci sun fi sauri. Ba a jima ba kamfanin ma ya mutu. Kan jirginsa kuwa a gaban idonsa aka yanka shi da wutar walda, aka loda a mota gunduwa-gunduwa. Usur ɗin tagulla kaɗai ya tsira da shi, a cikin zaninsa ya ɓoye, kuma har gobe ba ya kiran wannan sata.

Abin da ya rage shi ne layin dogon. Siririn layi ne da ya bi ta bayan gidan Kasiran, ya ratsa gonaki, ya hau wata 'yar gada, ya ƙare a gindin babbar bishiyar da masu saran rake ke hutawa. A gindin bishiyar nan ya fara ganin Ngadiyem, matarsa, tana kai wa mahaifinta abinci. Dokar kamfani ta hana ɗaukar kowa a jirgin rake, shi kuwa Kasiran, duk tsiwarsa, bai taɓa karya ta ba.

Yanzu Ngadiyem gwiwoyi sun ƙi, ido ma ya yi rauni, daga ɗaki sai baranda. Wata safiya yana cikin zagin kamfani kamar kullum, ta ajiye kofin shayinta. Pak take ce masa, wato maigida, shi kuma ya ce mata Bu, wato uwargida.

"Pak, ka ishe ni da jirgin nan. Jirgi, jirgi! Ni da na aure ka saboda usur ɗinsa, ko sau ɗaya ka taɓa ɗora ni a kai?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa da wa zai yi. Maganar ta soke shi, don gaskiya ce.

Washegari ya fara tara tarkace. Ƙafafun wani tsohon tarago ya tono daga kwalbati. Injin ya ciro daga mataccen keken lantarki, sarƙa daga babur, batura biyu na babbar mota ya yi musayarsu da akuyarsa. Gangar mai ya yanke ya yi gaban jirgin, ya fente ta baƙi, ya ɗaura kujerar kaba a baya saboda Ngadiyem. Gaba ɗaya abin bai fi saniya a kwance ba, mutum zama yake a kansa kamar a doki. A tsakar gida ya shimfiɗa guntun dogo, tsawon gado biyu, don gwaji.

Kada wani ya ɗauka da murna yake aikin. Ya tsani batir. "Jirgin da ba ya numfashi, ba ya gumi, sai ƙugi kamar sauro," haka yake faɗa yana ɗaure waya. Gwajin farko wayoyin suka yi hayaƙi, ya yi jifa da sifana har ta fasa tukunyar fure. Ya sake, suka sake ƙonewa, ya sake. Usur ɗin tagulla ya haɗa shi da famfon iskar taya, a taka da ƙafa ya yi kuka. Da rana kuma ya ɗauki adda ya bi dogon yana sare ciyawa yana korar awaki, har gindin bishiyar. Mutane na dariya, yana mayar musu da baƙar magana ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da jirgin ya motsa sumul a tsakar gida, ya shiga wurin matarsa hannu duk baƙin mai.

"Bu, tashi ki ɗaura zaninki mai kyau. Yau za ki ga bishiyarki."

"Yau? Pak, kanka ɗaya kuwa? Jiya fa watan Suro ya kama."

Ya tsaya cak. A watan Suro, watan farko na shekararsu, ba a ɗaura aure, ba a tarewa a sabon gida, ba a fara komai. Ya yi ta bambami, ya ce batir bai san wata ba. Ta ce batir bai sani ba, amma shi ya sani. Kuma ya sani ɗin. A kamfani ba su taɓa hura wutar farko ba sai an zaɓi rana, an dafa shinkafa mai kurkum, an yi addu'a. Ya ja tamfol ya rufe jirgin, yana huci.

Ana tsakiyar watan, da hantsi, ya ji ƙarar ƙarfe daga wajen gada. Kunnen da ya tsufa a kan dogo ba ya ɓatan wannan ƙara. Ya fita ko takalmi babu. Sarwono ne, dillalin tsofaffin ƙarafa na garin, da ma'aikatansa da mota, suna ɓamɓare layin suna lodawa.

"Kai, Sarwono! Uban wa ya ba ka?"

"A'a, Mbah, sannu da fitowa. Waɗanda suka gaji kamfani suka sayar mini, dagaci ma ya sani. Ai sai godiya, da ba ka share ciyawar ba, wallahi da na manta akwai shi."

Kasiran ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Da hannunsa ya tone musu dogon.

"Ko watan Suro ba ka jin tsoro, mara kunya?"

"Ni ba fara wani abu nake ba, Mbah. Kwashe abin da ya ƙare nake."

Kasiran ya je gidan dagaci, aka ba shi shayi da haƙuri. Ya dawo ya zauna a kan dogon ya ce sai dai a ɗauke da shi, suka zagaye shi suka ci gaba daga gaba. Kafin wata ya fita babu abin da ya rage sai sawu a ƙasa. Ya yi kwanaki ba ya yi wa Ngadiyem magana. Haushinta yake ji, yana jin haushin kansa da yake jin haushinta.

Ita kuwa da Suro ya fita ta sa aka dafa shinkafar, aka tula ta tsororuwa a faranti, aka kira maƙwabta. Irin wannan walima ba a tsallake gidan kowa, don haka har da Sarwono a kan tabarma. Aka yi addu'a, aka shafa. Sarwono na cin cinyar kaza ya ƙyalla ido ga jirgin.

"Mbah, tunda babu inda za shi, in kawo sikeli? Tagullar nan kaɗai ma..."

Kasiran ya miƙe. Mutane suka ja da baya, don sun ga sifana kusa da hannunsa.

"Pak," in ji Ngadiyem daga baranda, "zo ka ɗora ni. Na ɗaura zanin."

Ya ɗauko ta cak ya zaunar a kujerar kaba. Ya hau gaba, ya taka famfon, usur ya tsage tsakar gidan har Sarwono ya saki cinyar kazar. Jirgin ya tafi tsawon gado biyu, dogo ya ƙare. Ya ja burki, ya dawo da baya, ya sake yin gaba. Ngadiyem ta rufe ido ta riƙe rigarsa.

"Mun kai gada?"

Ya dubi katangar da ke gaban hancinsa.

"Mun kai, Bu. Riƙe da kyau."

"To ka rage gudu mana, tsohon banza. Shekara nawa ina jira."