Mutumin da Babana Ya Ba Allurarsa

Kafin masu shagunan unguwar Sharafiyya a nan Jidda su ɗaga ƙofofinsu, Mu'allim Abdulghaffar ya riga ya share gaban nasa. Daga sallar asuba ba ya komawa barci. Sai ya biya wajen mai dafaffen waken ful, ya sayi gurasar tamis guda ɗaya ya raba biyu, rabi nasa, rabi na duk wanda Allah ya fara kawowa. Daga nan ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda hasken safe yake sauka, don shi bai yarda da fitilar lantarki ba, wai ƙarya take yi wa launin zare. Ya naɗe ƙafa, ya ɗora riga a gwiwa, ya buɗe wani ɗan kuben fata da ya yi baƙi don tsufa, ya zaro allura. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana yi wa manyan riguna da huluna aiki da hannu a wannan lungu, kuma a bana ne ya ajiye, saboda ido ya ce ya gaji.

Na san wannan duka domin shekara arba'in da huɗun nan ina kallonsa, kuma ba kallon ƙauna ba. Sunana Othman Jabiru. Ni ma maɗinki ne, ina da shago a unguwar Bagdadiyya da kekunan kwamfuta uku. Kuben fatar nan da na ambata na mahaifina ne. Da aka ce za a rubuta wa Mu'allim jinjina, ni na ce a bar mini. Matata Sadiyya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai? Yabo za ka yi ko cizo?" Na ce mata duka biyun, kuma akwai wata magana da ta tokare mini maƙogwaro wata takwas, yau zan amayar da ita.

Mahaifina, Malam Jabiru, daga Zariya ya taso da ƙafa yana saurayi, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba, bai kuma koma ba. Mu biyu ya zaunar a gabansa yana koya wa aiki: ni ɗan cikinsa, da Abdulghaffar ɗan maƙwabta. Ni hannuna sauri, wallahi ba yabon kai ba, kafin Abdulghaffar ya gama zanen aska ɗaya a ƙirjin riga na yi uku. Amma da na ga riga ta kusa ƙarewa sai in ajiye masa ƙarashen, in ruga bakin teku wajen ƙwallo. Ranar da Baba ya ji jikinsa ya ƙi, ya kira mu, ya ɗauko kuben allurarsa. Har na miƙa hannu. Ya tsallake hannuna ya ɗora a tafin Abdulghaffar, ya ce, "Kai kana da zama." Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Mutanen unguwa suka dinga cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, a gabana ma, ba a bayan idona ba.

To, sai na ce bari in nuna musu. Na sayi keke, na sayi na biyu, da kwamfuta ta zo ni na fara kawo ta cikin mutanenmu. Rigar da Mu'allim zai yi wata huɗu yana tsakura, ni kafin a kira la'asar na sauke ta. Na dinga ce masa mai tafiyar kunkuru. In an ambace shi a majalisa sai in ce, "Allah sarki, har yanzu yana nan yana tsone idonsa?" Shi kuwa ko sau ɗaya bai rama ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Alhamis. Bayan la'asar za ka ga lungunsa ya cika. Dattawa da butar shayi, samarin da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ta ji ce ba ta faɗa ba, har mata sukan tsaya daga gefe da ƙunshin tsofaffin kaya. Shi ba gidan tarihi ya buɗe ba, akwatin ƙarfe ɗaya gare shi, cike da zane-zanen aiki da ya kwafa a kan takardar buhun siminti daga duk tsohuwar rigar da ta taɓa ratsa hannunsa. Amma nan ne mutanenmu suke zuwa in suna son sanin su wane ne su. A shagona akwai na'urar sanyi da kujeru masu laushi, ba wanda ya taɓa zama ya sha shayi. A karɓi kaya a ce shukran a wuce.

Hajiya Zakiya ta unguwar Kurayyat tana da rai, a tambaye ta. Ta kawo hular kakanta, wadda ita kaɗai ce ta rage musu, ba takarda, ba hoto, ba wanda ya san garin da tsohon ya fito. Mu'allim ya juya cikin hular waje, ya bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa, ya ce, "Hajiya, wannan hannun mutanen Borno ne. Ki je wajen dattawansu da ke zama bayan masallacinku, ki faɗa musu sunan kakanki." Cikin wata biyu ta sami dangi, har suna kiran juna a waya. Ranar da ta dawo godiya kuka take yi a tsakiyar titi. Ina wurin, na zo sayen zare a shagon kusa, na juya kai kamar ban gani ba.

Angwaye nawa ne suka shiga ɗaurin aurensu da rigar aro daga ƙusar bangonsa? Shi kansa bai ƙirga ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kafin ka saka, sai ka faɗi sunan kowane aiki da ke jikinta da Hausa. Ka ga ƙato da gemu yana ta fama, "Hada... aska... aska tamanya?" Mu'allim ya ce, "Takwas, ya waladi, takwas. Yalla, sake."

Yanzu ga maganar da na ce ta tokare ni.

Ɗana Mus'ab ya tashi aure da Wejdan, yarinyar kirki 'yar gidan mutunci. Saura sati uku ya same ni ya ce, "Baba, abga, so nake in saka rigar Jaddi ranar ɗaurin aure." Rigar kakansa yake nufi, rigar saƙi mai aska takwas da zaren tsamiya, wadda Baba ya yi wa aiki da hannunsa a kan hanya, zango bayan zango. Ita ce kaɗai abin da na gada wanda Abdulghaffar bai samu ba. Na ce masa halas, an gama. Har na bi majalisa ina shela cewa jikan Malam Jabiru zai fito da rigar Malam Jabiru.

Da na zaro ta daga leda, sai na ga ɓarna. Shekara ashirin tana ƙunshe, laimar Jidda ta shige ta, aska biyu sun zube. Mai hankali da sai ya naɗe ta ya nufi Sharafiyya. Ni kuwa na ce in mutu in kai masa? Na ɗaure tsohon saƙi a firam ɗin keken kwamfuta, na ja shi tam kamar sabuwar shadda, na danna. Wayyo Allah! Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙyat. Allura ta cinye ƙirjin rigar, rami ya buɗe kamar tafin hannuna. Na zauna daɓas a ƙasa. Rigar da ta tsallake Sudan da Bahar Maliya lafiya, ta zo ta mutu a hannun ɗan mai ita.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Sadiyya ce ta gano, don na kasa cin abinci. Ta ce, "Abu Mus'ab, ka san inda za ka. Girman kan nan naka ba zai toshe rami ba."

Na je da sassafe don kada a gan ni. Yana zaune a tabarmarsa, ya miƙo mini rabin tamis kamar jiya muka rabu. Na buɗe rigar a gabansa. Ya kai ta kusa da fuskarsa sosai, a nan na fara gane idon ya yi nisa. Na jira ya ce, "Ina kwamfutar taka?" Na ma shirya amsa. Bai ce ba. Ya shafa bakin ramin ya ce, "Sannu, Malam," kamar da Baba yake magana.

Na ce, "Mu'allim, ko ka iya, ina za a sami zaren? Tsamiya irin wannan babu ita ko a kasuwar Balad. Na duba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗan malamina, ba ka duba guzurinta ba?"

"Guzurin me?"

Ya zura hannu cikin babban aljihun rigar har ƙasa, ya laluba, ya sa bakin allura ya warware ɗinki uku. Sai ga wani ɗan ƙulli ya faɗo tafinsa: zaren tsamiya a naɗe, da zaren saƙi baƙi da fari, launinsu ɗaya da na rigar, sun tsufa tare. Ya ce, "Malam bai taɓa sallamar riga ba sai ya ɗinke mata ragowar zarenta a gindin aljihu. Yakan ce riga matafiyiya ce, ba a sakinta hanya ba guzuri, don wanda zai gyara ta wata rana. Ranar gama riga yake yin haka."

Ranar gama riga. Ranar da ni nake bakin teku ina bin ƙwallo. Ba ɓoye mini Baba ya yi ba, ni ne ban taɓa zama na ga ƙarshen riga ko ɗaya ba. Wallahi da Mu'allim ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon zaren da ubana ya naɗe da yatsunsa shekara saba'in da suka wuce, a tafin wani, ga kishi ga kunya.

Kwana goma sha bakwai ya yi a kanta. Sai daga baya 'yarsa ta gaya wa Sadiyya cewa likita ya riga ya hana shi aikin ƙananan ɗinki tun kafin azumi. Ya saƙa ramin zare bayan zare, ya tayar da askar nan biyu da irin karkatar hannun Baba, har ɗan kuskuren da Baba yake yi a ƙarshen kowace aska bai gyara ba. Ya ba ni a cikin tsumman fari ya ce, "Kada ta sake ganin leda."

Ranar ɗaurin aure, bayan la'asar, Mus'ab ya fito daga masallaci cikin rigar, dattawa suka yi caa a kansa. Wani tsoho da ya san Baba ya kama hannuna ya ɗaga sama ya ce, "Masha Allah! Ashe Othman ya gaji ubansa, mu ne ba mu sani ba! Dubi gyara, kamar Malam Jabiru ya tashi ya yi da kansa!" Shekara arba'in da huɗu ina jiran wannan magana. Mu'allim yana tsaye taku uku daga inda nake. Na dube shi, ya dube ni. Sai ya ce, "Ai sana'ar gidansu ce," ya juya ya ci gaba da gaisawa da mutane. Ni kuwa na yi murmushi na karɓi yabon. Na karɓa, jama'a, har da cewa "Allah ne ya taimaka."

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya ga rigar nan a jikin Mus'ab ya sani: ramin nawa ne, gyaran na Abdulghaffar ne. Ko zare ɗaya ban sa ba.

Kai ne, Mu'allim, ka rufa mini asiri a gaban ɗana da surukaina, bayan na yi shekaru ina yi maka dariya a majalisa. Kai ne ka riƙe wa mutanenmu na Jidda abin da kakanninmu suka ɗauko a ka, ba albashi, ba lambar yabo, ba ko allo a ƙofar shago. Mai zama, magajin Malam Jabiru na gaskiya. Na faɗa, kuma ya yi mini ɗaci a baki, amma na faɗa.

Bayan biki da sati, na ɗauko rigar zan naɗe, sai na ji nauyi a aljihu. Na zura hannu. Ragowar zaren yana nan an ɗinke shi a wurinsa, kusa da shi kuma ga kuben fatar Baba. Na tafi Sharafiyya da shi a hannu, na ce, "Mu'allim, ka manta wannan."

Ya ce, "Ban manta ba. Guzuri ne. Idona ya tafi, naka yana nan, zama ne kawai ba ka da shi. In ka samo, tabarmar ta ishe mu biyu."

Wata shida na yi ina kai-kawo kafin in zauna. Yanzu kullum da safe ina can, ni da furfurata, shekara sittin da biyu, ina koyon ƙarasa riga. Ba ya ganin ɗinkina, da ɗan yatsa yake bi, ya ce, "Warware nan, ka yi sauri." In duba da tabarau, in ga gaskiyarsa. Kada ka ɗauka na warke, Mu'allim. Yatsanka ya fi idona gani, kuma har gobe abin yana ba ni haushi.

Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mana, ya jiƙan Malam Jabiru da ya san hannun da ya ba.

Ku kuma 'ya'yanmu, akwatin ƙarfen nan yana nan a buɗe, mai shi yana da rai, kowace takarda a ciki ya san garinta da labarinta. Ku zo ranar Alhamis, ku zo da tsofaffin hulunan gidajenku, ko da Larabci za ku yi tambaya zai amsa. Sai dai in kun zo ku zauna har a gama. Ni na tashi da wuri, sai da na yi shekara arba'in da huɗu kafin in dawo.