Nafisat da Ledar da Ta Ƙi Ƙonewa

Nafisat ce autarmu, kuma duk Unguwar Dosa ba wanda bai san ta da ƙone-ƙone ba. Tun tana ƙarama, in Inna Hassana ta nemi cokali ta rasa, to a duba cikin murhu. Yarinyar nan so take ta ga wanne zai riga yin ja. Ta sha rankwashi, amma ina! Da halin ta girma, har ta karanci ilimin ƙarafa a jami'a.

Bana sai ga alheri, wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ta ƙarin karatu kan ƙarafan da ake ƙera injin jirgin sama mai tsananin gudu. Kowa murna, ban da Babanmu Malam Sanda. Tsohon direban tirela ne, Bakatsine, kuma yana da doka guda: ba ya sa albarka a abin da bai gane ba. Ita kuwa Nafisat ta rantse ba za ta taka filin jirgi ba sai da albarkarsa.

Laifinmu ne ma, mun baza wa unguwa cewa jirgi take ƙerawa. Da Baba ya ce ta nuna aikin, sai ta ciro wani guntun ƙarfe kamar kwalin ashana, duk ƙananan ramuka.

"Wannan ne jirgin?" in ji Baba.

Ta hau bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Ta ce wutar cikin injin ta fi ƙarfin ƙarfen da ke riƙe da ita.

"Tsaya nan. Wuta ta fi ƙarfin ƙarfe, kuma bai narke ba? Ko dai 'yan damfara ne suka samo ki?" Ya shuri takalmansa sai masallaci.

Nafisat ta daina cin abincin kirki, ga lokacin tafiya yana matsowa. Ta rasa ta inda za ta ɓullo masa.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Baba na kan tabarma a tsakar gida, ta zo ta durƙusa da kyandir da ledojin ruwan fiya wata guda biyu, ɗaya ba komai ciki. Ta kara wadda ba ruwa a wuta, nan take ta ƙanƙance. Ta kara mai ruwan. Shiru. Gindin ledar ya yi baƙi, amma ko ɗigo.

"Ke, za ki jiƙa mini tabarma!" in ji Inna daga bakin murhu.

"Bar ta, Hassana." Baba ya gyara zama.

"Baba, ruwan ne ke kwashe zafin kafin ledar ta ji shi. Ramukan nan na jikin ƙarfen, aikinsu ke nan."

Baba ya ce, "To ai lagireto kike nufi, mai sanyaya injin mota! Ki ce lagireto mana, sai wani Turanci."

Nafisat ta gyaɗa kai. Ta ce aikinta shi ne zaɓe. Jan ƙarfe yana miƙa zafi da sauri, amma yana saurin laushi. Akwai wasu ƙarafan masu taurin kai, suna jure wuta, sai dai suna riƙe zafin a jikinsu har su tsage. Dole a san wanda za a sa a bakin wuta, da kaurinsa, da wanda zai tallafe shi ta baya.

"To ruwan fa? A sama wa zai tsaya ya ƙara?" in ji Baba.

Nafisat ta ce, "Ba ruwa ba ne, Baba. Man jirgin ne da kansa yake bi ta ramukan kafin ya shiga wuta."

"Innalillahi! Mai a jikin wuta?" Inna ta saki muciya.

"Ba iska a ciki, Inna, kuma a guje yake wucewa."

Fuskar Baba ta ɗaure. Ya ɗauki ƙarfen, ya ɗaga shi sama yana leƙa ramukan.

"In rami guda ya toshe fa?"

Nafisat ta san amsar da za ta kwantar masa da hankali, ta kuma san ba gaskiya ba ce. Ta sunkuyar da kai.

"Wurin zai narke, Baba. Injin na iya tashi aiki. Abin da zan je in koya ke nan, yadda za a rage hakan."

Baba ya ci gaba da juya ƙarfen a hannunsa. Nafisat kuwa a ranta ta riga ta fara kwance jaka.

"Na yi shekaru a hanyar Legas," in ji Baba. "Duk bakaniken da ya ce mini gyaransa ba ya ɓaci, ban sake kai masa mota ba." Ya miƙa mata ƙarfen. "Je ki, Allah ya yi miki albarka. Ki kula musu da ramukan nan."

Wayyo daɗi! Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Nafisat ta fashe da kuka, ta manta da ledar da ke hannunta, ta matse ta, ruwan ya tsiyaye kan tabarma.

"Ban faɗa ba?" in ji Inna. "Injiniya, ɗauko tsumma."

Ta goge tana dariya, sannan ta cinye tuwo malmala biyu.