Awon Ƙafar Baffa Juli

Ranar wata Lahadi ta kasuwar Tasawa, a bazarar shekarar fari ta tamanin da huɗu, Baba ya tafi bin layin dawar taimako da soja ke rabawa, ya bar ni tsaron rumfarshi ta dukanci. Shekarata goma sha ɗaya, na riga na bar lakwal, wato makarantar boko. Aikina daka bagaruwa ne, da jiƙa ƙirgi, da miƙa basilla. A ginshiƙin rumfar akwai wata igiya da aka jera wa guntayen fata, kowane an yanke shi daidai tafin ƙafar mutum guda. Tun kakana haka gidanmu ke aiki: sau ɗaya ake auna ƙafar mutum, daga nan ko yana can Isawan sai dai ya aiko a yi mishi fade, takalmin ya same shi cif. Babu suna a jiki. Baba da hannu yake gane su.

Yunwa nake ji, yara kuma suka ce kurciyoyi na sauka bakin rijiya. Na sauko da igiyar, na zaɓi masu laushi guda biyar, na yayyanka mana fatar danƙon harbi. Kurciya biyu muka samu, mu shida. Da Baba ya lura, na ce ɓeraye ne. Ya daɗe yana kallona.

Bayan damina sai ga Baffa Juli, wani Bafulatani da ya fi shekara talatin yana sa takalmin gidanmu. Ya kora shanunshi kudu neman ciyawa, ya komo da sanda kawai, ƙafa duk faso. Ya zauna, aka gaisa, ya ce a ɗinka mishi irin na kullum. Baba ya bi igiyar nan da yatsa sau biyu. Sannan ya durƙusa da fata da wuƙa, ya ce ya miƙo ƙafa, kamar baƙo. Tsohon ya yi 'yar dariya ya ce, "Baduku, shanu sun tafi, ashe ƙafar ma ba ta nan?" Baba ya ce tsufa ne ya sa shi sakaci, ya roƙi tsohon ya yafe mishi. Ina tsaye riƙe da basilla, na bar Baba ya ɗauki laifin. Baffa Juli ya karɓi takalmin bayan kwana uku, ba mu ƙara ganinshi ba.

Ban gaji sana'ar ba, kabu-kabu nake yi. Yanzu mutum ya faɗi lamba a miƙo mishi na roba, ba mai taɓa ƙafar wani. Bara dukawan garinmu suka kafa ƙungiya, suka ware ɗaki suna tara kayan aikin tsofaffi don masu koyo. Na kai musu igiyar Baba. Shugabansu ya ɗauko biro da takarda, ya ce in faɗi mai kowane awo a rubuta. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, na mayar mishi. A duk igiyar nan, ƙafar da na san mai ita guda ce, kuma ba ta ciki.