Mma Barikisu da Akuyar da Aka Yanka da Biro

Kowace safiya, kafin yaran motocin trotro su fara kiran fasinja a bakin titin Maamobi, Mma Barikisu ta riga ta share ɗakin karatun yara da ke jikin masallacin layinmu. Takan shimfiɗa tabarmi, ta goge littattafai masu hotuna da gefen mayafinta, ta jera su ƙasa-ƙasa inda gajeren hannu zai kai. Haka take yi tun jikokina na fari suna rarrafe. Yanzu ido ya yi rauni, za ta huta a ƙarshen watan nan, kuma bai dace ta tafi shiru ba.

Ɗakin na Alhaji Mutawakilu ne, aro ya bayar. Wata shekara ya zo majalisar dattawan unguwa, wadda nake shugabanta, ya ce ko a fitar da littattafan nan masu siffar mutum da dabba, ko ya karɓi mabuɗinsa. Tsoron Allah ne ya kawo shi, kuma iyaye da dama suna bayansa. Wasu suka ce in an hana yaro hoton takarda, ga na waya zai koma, wanda babu mai tace shi. Na tuna wa majalisa cewa an yi irin wannan gardama a gaban mahaifina kan rediyo, an yi ta a gabana kan talabijin, kuma ba a taɓa rufe ƙofa ba sai an nemi tsaka-tsaki.

Malam Jalilu, na'ibin liman, shi ya kawo shawara: a ja layi da biro a wuyan kowace siffa, kamar yadda malamansa suke yi, don ta daina zama cikakkiyar halitta. Aka amince. Mma Barikisu ta gwada a littafi ɗaya, labarin wata tsohuwa da akuyarta ta ɓata a kasuwa.

Washegari na je in gani da idona. Nadia, 'yar mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta buɗe shafin farko, ta ƙwalla ƙara.

"Mma! Wa ya yanka akuyan?"

"Ba a yanka ba, 'yata, layi ne kawai."

"An yanka paa! Ga wuyan nan!"

Wani yaro daga baya ya ce, "Mai yankan ya yi bisimilla? In bai yi ba, mushe ne fa."

Aka juya shafi, sai ga layin ya ratsa wuyan tsohuwar ma. Nadia ta ce a hankali, "Har da kaka?"

Har yau ina juya wannan abu a raina. Mun ja layi don mu nuna akuyar ba ta da rai, su kuwa yaran sai a ranar suka tabbata tana da shi, tunda ga shi an kashe ta. Me yaro yake gani a takarda wanda mu muka daina gani?

Mma Barikisu ta zo majalisa, ta durƙusa, ta ce, "Iyayena, roƙo ɗaya na kawo. Duk wanda zai fitar da littafi, ya zauna a tabarma ya karanta wa yaran shi har ƙarshe, sannan ya ɗauka. Ba zan riƙe ba." Na ce wannan ya dace da tsarin da muka gada, domin a gaban sarkin zango ba a yanke wa kowa hukunci a bayan idonsa.

Alhaji Mutawakilu ya karɓi sharaɗin. Ya riƙa zuwa ranar Asabar da babbar riga da tabarau, yana karatu, yara suna gyara masa muryar kaza. Ya fitar da wani littafi da aka zana kare yana barci a gadon yaro. Mma Barikisu ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce, "Alhaji, ban yarda ba, amma na yi alkawari." Da aka jima na tambaye shi batun mabuɗi, sai ya harare ni ta saman tabarau.

"Wane mabuɗi? Ai ban gama karatu ba."

Bai gama ba har yau, kuma ɗakin a buɗe yake.

Ke ce, Barikisu, uwar masu tambaya. Ba ki raina tsoronmu ba, ba ki kuma bar shi ya yi hukunci shi kaɗai ba. A madadin majalisa da iyayen layin nan, mun gode. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma dattawan Nima da Kotobabi da Kawukudi, wannan gardama za ta ƙwanƙwasa ƙofarku, in ba ta riga ta zo ba. Ba na ce muku kada ku hana komai ba. Amma kafin ku zare littafi daga hannun yaro, ku cire takalmi, ku zauna kusa da shi, ku ji abin da zai tambaye ku.