Kaji Uku da Suka Buɗe Ƙofar Gidan Yari

Ni mace ce mai mantuwa, 'ya'yana har tsokanata suke yi wai wata rana zan manta hanyar gida. Amma shekarar da muka fito da maƙwabciyata daga gidan yari, wannan kam ba ta barin kaina sai ranar da aka binne ni.

Agushi nake sayarwa a kasuwar Lafia, ita ma agushi, teburinmu a jere. 'Yar wani ƙauye ce ta wajen Obi, mace marar hayaniya. Mijinta dukanta yake yi, kuma duk layinmu mun sani. In ta zo da hannu a naɗe sai ta ce okada ce ta kayar da ita, mu kuma mu ce, "Ayya sannu, 'yan okadan nan ba su da hankali," mu juya mu ci gaba da awo. Wata Asabar da yamma tana dakan sakwara mijin ya taso mata da adda. Ta ɗaga taɓarya ta buga masa sau ɗaya, kafin a kai shi asibiti ya cika.

Da 'yan sanda suka zo layi suna tambaya ko mun taɓa jin yana dukanta, ni da bakina na ce ban san komai ba. A wurinmu ba a shiga maganar mata da miji, balle ga gawa a ƙasa. Kotu ta rubuta babu shaidar duka, aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Har yau in na tuna amsar da na ba ɗan sandan nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Shekara shida ina kai mata gari da sabulu gidan yari. Sai Allah ya haɗa ni da wata lauya, yarinya 'yar siririya daga Bukan Sidi, wadda ke sayen agushi a wurina. Ni dai bakina ba ya riƙe magana, ina auna mata mudu ina zuba mata labari har da hawaye. Ta ce akwai kwamitin da ke ba gwamna shawarar wanda za a yi wa afuwa, kuma za su zauna kafin ƙarshen shekara.

"Amma Mama, hawaye ba shaida ba ne," in ji ta. "Akwai katin asibiti? Ta taɓa kai ƙara?"

Na ce babu ko ɗaya, ko ƙofar asibiti ba ta taɓa takawa ba.

"To wa yake naɗe mata hannun?"

Kai! Sai da na saki mudun ya faɗi. Mai ɗori! Shekara shida ina kuka, ban taɓa tunanin tsohon da ke ɗori a ƙauyensu ba. Na ce, "Barista, gobe-goben nan ki shirya."

Washegari muka hau motar Obi, daga can muka hau okada. Barista ta zo da takalmi mai tsini, ina ta yi mata dariya tana tsallen kunyar doya. Muna shiga gidan tsohon sai ga kaji ko'ina, wata na ɗingishi da kara ɗaure a ƙafa, wata fiffikenta a naɗe da tsumma. Barista ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaya ko yana da littafin da yake rubuta masu zuwa. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ni ban yi makaranta ba. Da kaza nake tuna mutum."

Haka aikinsa yake. Duk mai karaya zai zo da kaza. In hannu ne ya karya mata fiffike, in ƙafa ce ya karya mata ƙafa, ya ɗora su tare da mai ita. Ranar da kaza ta warke, ya san mutum ma ya kusa kwance ɗori. Barista ta yatsine fuska don tausayin kajin, ni kuwa na zungure ta na ce ba kaji suka kawo mu ba. Na kwatanta masa maƙwabciyata.

"Yarinyan agushi? Na san shi. Kaza uku." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Baƙi, hannun hagu. Ja, ƙafa. Wake-wake, hannun hagu kuma. Ya ce mini okada ne. Ni na tsufa a aikin nan, okada ba ya karya nan." Ya ɗaga hannunsa ya kare kansa, ya nuna ƙasan gwiwar hannu. "Nan, wurin tare sanda ne."

Wallahi daɗi ya rufe ni. Barista tana ta rubutu. Na tashi na taka rawa a tsakar gidan mutane, kaji suna watsewa. Sai tsohon ya ce in zauna tukuna, bai gama ba. Ya ce maƙwabciyata ba ta taɓa kawo kaza da hannunta ba. Duk ukun, uwar mijinta ce ta kamo daga akurkinta, ita ce kuma take rako ta ta bayan gari don kada a gan su.

Rawa ta tsaya. Uwar mamacin! Matar da muka shekara shida muna kauce wa hanyarta. Barista ta ce in tsohuwar nan ta yarda ta yi magana, ya fi takarda ɗari, domin kwamitin sai ya tambayi abin da dangin mamaci suka ce. Ni kuwa na ce ta shirya gudu da tsinin takalminta, don da taɓarya za a koro mu.

Mun same ta a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Mama, sannu da aiki," daga nan na matsa gefe. Barista ce ta yi bayani. Tsohuwar ba ta ɗago kai ba har ta gama ɓare abin da ke cinyarta.

"Shekara shida ina jira wani ya zo ya tambaye ni," in ji ta. "Ɗan sanda bai tambaya ba, alƙali bai tambaya ba. Ɗana ne, ni na haife shi, ina kukansa har gobe. Amma na ga abin da ya yi mata. Ubansa haka ya yi mini, ni ma kaza aka kai." Ta kakkaɓe zane. "Ina ne zan dangwala hannu?"

Daga nan abu ya tafi kamar an kunna inji. Barista ta samo izini aka ɗauki hoton ƙashin maƙwabciyata, ga wurare ukun nan sarai inda tsohon ya faɗa. Mu matan layi goma sha ɗaya muka je muka rantse cewa ƙarya muka yi da farko, ni ce a gaba. Tsohuwar ta sha faɗan sauran 'ya'yanta maza, amma ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta tsaya gaban kwamiti, mai ɗori yana gefenta.

Wata ranar Talata ana tsakiyar ciniki wayata ta yi ƙara. Barista ce, tana ihu: "Mama, sunanta ya fito! Ya fito!" Ban san lokacin da na hau kan buhu na rangaɗa guɗa ba. Layi ya rikice. Masu coci suna waƙa, Hajiyoyin layin riɗi suna kabbara, masu tura baro sun zaci gobara ce. Muka rufe tebura da leda muka cika Keke Napep shida zuwa gidan yari.

Da ƙaramar ƙofar gidan yarin ta buɗe, maƙwabciyata ta fito da 'yar jakar leda, ta rame, furfura ta fito mata. Muka yi kanta da gudu, amma ta ratsa mu ta nufi gefe inda surukarta take tsaye ita kaɗai. Ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta tana cewa, "Mama, ki yafe mini." Tsohuwar ta ɗago ta da hannu biyu.

"Tashi, 'yata. Sau uku na kai ki aka ɗaure miki ƙashi, sau uku na mayar da ke gidansa. Da na mayar da ke gidan ubanki, da ɗana yana raye."

Babu wadda ta sake yin guɗa, duk muka tsaya muna share ido da bakin zane. A wurin na gane cewa shirun da muka ɗauka mutunci ne, shi ya ci mutum ɗaya ya kuma ci shekara shida na wata. Tun daga ranar, in mace ta zo layinmu da ciwo a jiki, ba na tsayawa a sannu. Ina jawo mata kujera in tambaye ta wa ya yi mata, kuma ba na tashi sai ta faɗa.